Allurar Sin da ciwon gwiwar Hajiya: abin da bincike ya tabbatar da wanda bai tabbatar ba

Tambaya: "Assalamu alaikum Likita. Ni malamar makaranta ce a Azare. Mahaifiyarmu ta haura shekara 60, ta daɗe tana fama da ciwon gwiwa da na ƙugu, yanzu har sallah a zaune take yi. Ta sha ƙwayoyin kashe ciwo har gyambon ciki ya kama ta. An yi mata ƙaho, an yi gashi, sauƙin ba ya daɗewa. Kwanan nan aka ba mu labarin wani mai yin allurar ƙasar Sin a cikin garin Bauchi, irin wadda ake sossoka wa mutum a jiki ba tare da ruwan magani ba. Ya ce zama 20 za a yi, kuma a biya kuɗin gaba ɗaya tun farko. Ya ce allurar tana maganin suga da hawan jini da rashin haihuwa, shi ya sa matar yayana ma ta matsa tana son zuwa. Ƙanena ma'aikacin jinya ne, ya ce duk yaudara ce, sa rai ne kawai. Don Allah mene ne gaskiyar abin a wajen masu bincike? Mu kai ta ko mu haƙura?"

Wa'alaikumus salam, Malama. Allah Ya ba Hajiya lafiya, Ya sa kaffara ne, ku kuma Ya biya ku ɗawainiyar da kuke yi da ita.

In na fahimce ki, kina son sanin ko wannan allura tana aiki da gaske ko kuwa ƙaninki ne ke da gaskiya, kuma ko sauƙin da za a samu ya kai a riƙa ɗauko dattijuwa mai ciwon ƙugu a mota daga Azare zuwa Bauchi har sau 20. Ni likitan gashin ƙashi ne, a Gombe nake aiki, kuma masu ciwon gwiwa da baya su ne suka fi yawa a cikin waɗanda nake gani. Na koyi aiki da wannan allura, ina yi wa wasu daga cikin marasa lafiyata, saboda haka ba daga nesa nake magana ba. A kan ciwon jiki wanda ya daɗe, irin na gwiwa da baya da kai, akwai hujja mai nauyi cewa mutane da dama suna samun sauƙi, sai dai sauƙi ne matsakaici, ba warkewa ba. A kan suga da hawan jini da haihuwa kuwa, mutumin nan ya faɗi abin da bincike bai goyi bayansa ba, kuma wannan kaɗai ya isa ya sa ku ja baya da shi. Maganar ƙaninki akwai gaskiya babba a cikinta, amma ba ita ce gaskiyar duka ba.

Asalin abin

Akufanca, wato wannan allurar da kike tambaya a kai, tsohuwar hanyar jinya ce ta mutanen Sin. An bayyana ta a littafin likitancinsu mai suna Huangdi Neijing, wanda ya haura shekara 2000 da rubutawa. Bayaninsu na gargajiya shi ne akwai wani ƙarfi da suke kira qi da ke gudana a jiki ta manyan hanyoyi 12, idan ya toshe sai ciwo ya zo, allura kuma ita ke buɗe masa hanya. Wuraren sokawar da aka daidaita a hukumance guda 361 ne. Allurar siririya ce ƙwarai, ba ta da rami a ciki, ana barinta a jiki kamar minti 20 zuwa 30 sannan a cire. Masana sassan jikin ɗan Adam ba su taɓa ganin waɗannan hanyoyi na qi ba, duk da irin na'urorin da ake da su yanzu. Turawa sun fara rububin abin ne bayan 1971, lokacin da aka yi wa wani ɗan jaridar New York Times, James Reston, tiyatar afendis a Beijin, aka yi masa allurar don rage masa ciwon da ya biyo bayan aikin, ya rubuta labarin a jaridarsa.

Abin da likitancin zamani ya iya nunawa shi ne tsirar allura tana tada jijiyoyin da ke fata da tsoka, saƙon ya bi ta laka ya isa ƙwaƙwalwa, jiki ya saki wasu sinadarai nasa na kashe ciwo irin su endofin, waɗanda aikinsu ya yi kama da na mofin, maganin kashe ciwon nan mai ƙarfi. Tun a 1976 Bruce Pomeranz ya nuna a Toronto cewa idan aka ba ɓeraye maganin da ke toshe aikin mofin, sauƙin da allurar ke kawo musu yana ɓacewa. Wannan gaskiya ne. To amma tausa da gashi da ƙaho duk suna tada jijiyoyi. Jiki ya amsa sukar allura daban, mara lafiya ya samu sauƙin da zai ɗore watanni daban. Na biyun nan ba a sanin sa sai an gwada a kan mutane.

Yadda ake gane ko magani yana aiki

Ciwon gwiwa da na baya ba a tsaye suke ba, hawa da sauka suke yi. Wani makon ya tsananta, wani makon ya lafa. Mutum kuma ba ya fita neman magani sai ranar da abin ya kai maƙura, daga maƙura kuwa sauka ake yi ko an yi magani ko ba a yi ba. Duk abin da aka yi a wannan makon, ƙaho ne ko saiwa ko ƙwaya ko allura, shi zai kwashe yabon. Shi ya sa shaidar "wance ta je ta warke" ba ta isa hujja ba, ko da wance ba ƙarya take yi ba. Manomin da ya zuba sabon taki a shekarar da damina ta yi albarka ba zai iya rantsuwa cewa takin ne ya cika masa rumbu ba, sai in ya bar wani gefen gonar bai zuba ba ya kwatanta.

Haka masu bincike suke yi. A tara marasa lafiya masu ciwo iri ɗaya, a raba su da ƙuri'a, wasu a ba su maganin, wasu a ba su na bogi wanda ba za su iya bambance shi da na gaskiya ba, sannan a bi su watanni a ga inda kowane rukuni ya ƙare. Da ƙwaya abin da sauƙi, sai a yi ƙwayar gari mai kama da ita. Da allura fa? A nan gizo yake saƙar. Wasu sun riƙa soka allurar sama-sama a wuraren da ba su ne littafin ya ce ba. Wani likita Bajamushe, Konrad Streitberger, ya fito da wata allura a 1998 wadda idan an danna ta sai ta koma cikin mariƙinta, mara lafiya ya ji tsini ya ga kamar ta shige, alhali ba ta huda fata ba. Wasu kuma da tsinken sakace suka yi aiki.

Abin da manyan gwaje-gwaje suka nuna

Gwajin da ya fi dacewa da Hajiya an yi shi ne a Jamus, a ƙarƙashin wani shiri da ake kira GERAC, wanda kamfanonin inshorar lafiya suka ɗauki nauyi don su san ko za su riƙa biyan kuɗin wannan jinya. A ɓangaren gwiwa, wanda aka wallafa a 2006, an ɗauki mutum 1,007 masu zaizayewar guringuntsin gwiwa. Bayan wata shida, kashi 53 cikin 100 na waɗanda aka yi wa allurar gaskiya sun samu sauƙi mai ma'ana. Waɗanda aka bari a kan ƙwayoyi da jinyar da aka saba, kashi 29 ne. Da a nan aka tsaya, da sai mu ce allura ta yi nasara ƙwarai. Amma waɗanda aka yi wa allurar bogi, wadda aka soka sama-sama ba a wuraren da aka tsara ba, kashi 51 ne suka samu sauƙi.

A ɓangaren ciwon baya, wanda ya fito a 2007 da mutum 1,162, labarin bai canza ba: kashi 47.6 a allurar gaskiya, kashi 44.2 a ta bogi, kashi 27.4 a jinyar da aka saba. Bayan shekara biyu aka sake irinsa a Amurka da mutum 638 masu ciwon baya. A can wani rukuni ko huda su ba a yi ba, tsinken sakace aka riƙa danna musu a baya suna kwance ba sa gani. Sun samu sauƙi daidai da waɗanda ƙwararren mai allura ya zauna ya tsara musu wuraren sokawa ɗaya bayan ɗaya, kuma dukkansu sun fi waɗanda ba a yi wa komai ba sai jinyar yau da kullum.

Ki ga inda ƙaninki ya samo maganarsa. Idan tsinken sakace zai yi abin da allura ta yi, to ina amfanin hanyoyi 12 da wurare 361? Ni kaina a wannan gaɓar ina tare da shi. Hujjar da ke akwai ta nuna cewa takamaiman wurin da aka soka ba shi da muhimmancin da masu sana'ar ke ba shi, kuma duk wanda ya ce miki akwai wani ɓoyayyen wuri da shi kaɗai ya sani, kasuwa yake nema.

Sai dai akwai wani aiki da ya fi waɗannan faɗi. Andrew Vickers da abokan aikinsa sun tattaro ainihin bayanan kowane mara lafiya daga gwaje-gwaje masu inganci, suka sake lissafi. A 2012 sun haɗa gwaji 29 da mutum kusan 18,000, a 2018 suka faɗaɗa zuwa gwaji 39 da mutum 20,827, duk masu ciwon baya da wuya da kafaɗa da gwiwa da kai. Da mutane suka yi yawa haka, sai bambanci tsakanin allurar gaskiya da ta bogi ya bayyana, amma ɗan ƙarami ne. Misalin da suka bayar shi ne: idan aka ɗauki raguwar ciwo da rabi a matsayin nasara, to a cikin mutum 100 da ba a yi wa allura ba kamar 30 za su kai ga haka, a cikin masu allurar bogi kamar 42, a cikin masu ta gaskiya kamar 50. Sun kuma ga cewa yawancin sauƙin yana nan bayan shekara guda, kaɗan ne yake zubewa.

Masana sun rabu a kan fassarar waɗannan alƙaluma, kuma har yau ba su daidaita ba. Ɓangare ɗaya suna cewa tazarar da ke tsakanin 42 da 50 ta yi ƙanƙanta, kuma tana iya kasancewa daga mai yin allurar ne, tunda shi ya san wadda yake yi, kuma fuskarsa da muryarsa suna iya nunawa. A wajensu sauran duk sa rai ne da kulawar da mutum ke samu idan an kwantar da shi rabin awa ana taɓa shi ana sauraronsa. Ɗaya ɓangaren suna cewa allurar bogin ba bogi ba ce tsantsa, domin danna tsini a fata ma yana tada jijiyoyi, kuma mara lafiya ba tsakanin allurar gaskiya da ta bogi yake zaɓi ba, tsakanin a yi da kada a yi yake zaɓi, wato tsakanin 30 da 50.

Hukumomi ma haka suka rabu. Jamus ta amince inshora ta riƙa biya a kan ciwon baya da na gwiwa. Hukumar NICE ta Ingila, wadda ke tsara wa asibitocin gwamnati abin da za su bayar, ta amince da ita a kan ciwon baya a 2009, ta janye a 2016, a 2022 kuma ta ce kada a bayar da ita a kan zaizayewar gaɓɓai, amma a 2021 ta ce ana iya gwada ta a kan ciwon da ya daɗe wanda ba a gano wata cuta a ƙarƙashinsa ba. Ƙungiyar likitocin cikin jiki ta Amurka ta sa ta a cikin abubuwan da za a fara gwadawa kafin ƙwaya a kan ciwon baya a 2017. Hukumar Lafiya ta Duniya a ƙarshen 2023 ta ce ana iya haɗa ta a cikin jinyar ciwon baya mai daɗewa, tare da bayyana cewa hujjar ba mai ƙarfi ba ce. Duk bayanai ɗaya suke kallo, ma'aunin ne ya bambanta.

Nawa ra'ayin shi ne, ciwo abu ne da mutum ke ji. Idan dattijuwa ta ce ciwonta ya ragu, tana barci, ta rage shan ƙwayar da ke cin cikinta, to ya ragu, ko da kaso mai yawa na sauƙin daga sa rai da kulawa ya fito. Ba na raina wannan. Amma wannan uzurin a kan ciwo kaɗai yake aiki, kuma akwai wani ƙaramin gwaji da ya nuna iyakarsa sarai. A 2011 masu bincike a Jami'ar Harvard sun gwada masu asma da abubuwa huɗu: maganin shaƙa na gaskiya, na bogi, allurar bogi, da kuma zama kawai ba a yi komai ba. Da aka tambaye su, masu maganin gaskiya da masu na bogi da masu allurar bogi duk sun ce sun ji sauƙi kusan daidai da juna. Da aka auna numfashinsu da na'ura, maganin gaskiya ne kaɗai ya buɗe huhu da kashi 20 cikin 100, sauran duk kashi 7 ne, daidai da wanda ba a yi wa komai ba. Mutum yana iya jin ya samu sauƙi alhali cutar tana nan tana aikinta.

Kafin in wuce, akwai wurare biyu da hujjar ta ɗan fi tsabta. A ciwon ɓarin kai, bitar da ƙungiyar Cochrane, mai tattara gwaje-gwajen lafiya tana tace su, ta yi a 2016 a kan gwaji 22 ta nuna yawan tashin ciwon ya ragu da rabi a wajen kashi 50 na masu allurar gaskiya, kashi 41 na masu ta bogi, kuma ba ta gaza ƙwayoyin rigakafin ciwon ba. Sai tashin zuciya da amai bayan tiyata, inda motsa wani wuri da ke cikin hannu kusa da wuyan hannu ya nuna amfani a gwaje-gwaje masu yawa.

Suga, hawan jini da haihuwa

Waɗannan cututtuka ne da ake aunawa, ba a tambayar mutum yadda yake ji. A hawan jini, bitar Cochrane ta 2018 ba ta samu hujjar cewa allurar tana saukar da jini saukarwa mai ɗorewa ba. A suga, ba ta maye gurbin metformin ko insulin ko gyaran abinci. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne mai hawan jini ya ji jikinsa ya yi sakayau bayan zama biyu ko uku ya ajiye ƙwayarsa. Hawan jini ba ya sallama, kuma mu a sashen gashin ƙashi mu ne muke karɓar mutane bayan ɓarin jiki ya shanye.

Batun matar yayanki kuwa, an gwada shi da kyau, an kuma samu amsa. A 2018 an wallafa gwajin mata 848 a Ostireliya da New Zealand waɗanda ake yi wa dashen ƙwai a mahaifa. Kashi 18.3 na masu allurar gaskiya sun haihu, kashi 17.8 na masu ta bogi, wato babu bambanci. A 2017 a ƙasar Sin kanta an gwada mata 1,000 masu matsalar ƙwai da ake kira PCOS. Allurar ba ta ƙara haihuwa ba, ƙwayar clomiphene ce ta ƙara. Don Allah ki lallashe ta. Ita da yayanki su je asibiti tare, a duba ta a kuma gwada maniyyinsa, domin sau da yawa matsalar a wajen namiji take. A harkar haihuwa shekarun mace suna tafiya, watannin da za a ɓata a kan allura ba sa dawowa.

Wataƙila mutumin ya nuna muku takardun bincike da ke cewa allurar tana maganin waɗannan duka. Akwai su da yawa. Tun a 1998 aka yi wata bita da ta gano cewa duk gwaje-gwajen akufanca da ta duba waɗanda suka fito daga Sin da Japan da Hong Kong da Taiwan, babu ko ɗaya da ya ce abin bai yi aiki ba. Babu maganin da ke cin kowace jarrabawa. Idan aka ga haka, alama ce ta cewa waɗanda ba su yi nasara ba ba a wallafa su ba, ko kuma tsarin gwajin ne ba shi da ƙarfi.

Haɗarin da ke ciki

A hannun wanda ya ƙware, haɗarin kaɗan ne. A wani bincike a Jamus da ya bi mutum 229,230, kashi 8.6 sun samu wata 'yar matsala, yawanci ɗigon jini ko taruwar jini a ƙarƙashin fata, mutum biyu kuma allura ta huda musu huhu. Amma waɗannan likitoci ne da aka horar, suna aiki da allurar da ake amfani da ita sau ɗaya a jefar. Mu a nan, binciken ƙasa na 2018 ya nuna kusan mutum 8 cikin 100 na manyan Najeriya suna ɗauke da ciwon hanta nau'in B. Allurar da ta shiga jikin wani ta shiga na Hajiya tana iya kawo mata wannan ko ƙanjamau, kuma goge ta da sifirit ba ya wadatarwa. Dole a ɓare ta daga ledarta a gabanku, a jefa ta a kwalin allurai a gabanku. Askar mai ƙaho ma wannan ƙa'idar ce a kanta. Ba a soka allura a gwiwar da ta kumbura ta yi zafi, ko a ƙafar mai suga wadda ta mutu ko take da gyambo, kuma mai shan maganin tsinka jini sai an sani tukuna. Ku tambaye shi inda ya yi karatu da hukumar da ta yi masa rajista. MDCN mai kula da likitoci ita ce kuma ke kula da masu irin waɗannan hanyoyin jinya, mu likitocin gashin ƙashi kuma MRTB ce ke ba mu lasisi. Mai gaskiya ba ya jin haushin wannan tambayar.

Haɗarin da na fi gani da idona ba daga allurar yake zuwa ba, daga jinkiri yake zuwa. An taɓa kawo mana wani magidanci manomi da ya yi watanni yana zagaye da ciwon baya, daga ƙaho zuwa sakiya zuwa allura, kowanne ya ɗan ba shi sauƙi na kwanaki. Bai zo ba sai da ƙafafunsa suka fara ja. Tarin fuka ne ya ci ƙashin bayansa, cutar da maganinta kyauta ne a asibitin gwamnati. A mace mai shekarun Hajiya, ciwon ƙugu yana iya zama karayar ƙashin baya saboda ƙashi ya yi laushi, ko dajin mama da ya bazu. Idan akwai zazzaɓi ko gumin dare, ko tana ramewa, ko ciwon yana tashinta daga barci ko ta kwanta ba ya lafawa, ko ƙafa tana mutuwa, ko fitsari da bayan gida suna kufce mata, to a bar maganar allura a tafi asibiti a ranar.

Abin da nake ba ku shawara a kan Hajiya

Ban ga Hajiya ba, ban taɓa gwiwarta ba, kuma gwaje-gwajen da na kawo miki a kan Jamusawa da Amurkawa da Sinawa aka yi su, waɗanda zamansu da aikinsu ba irin na iyayenmu ba ne. Alƙaluma suna faɗin abin da ke faruwa da mutum 100, ba sa faɗin a wane rukuni ita za ta faɗa. Don haka ku fara da babban asibitin tarayya da ke nan Azare, a duba ta, a ɗauki hoton gwiwa da na ƙugu idan likita ya ga dacewa, a auna jininta da ƙodarta. Wanda ya daɗe yana shan diclofenac ko ibuprofen ko piroxicam har ciki ya yi gyambo, to ƙoda ma abin dubawa ce. Ta daina shan su sai da izinin likita, musamman haɗin da ake ƙullawa a kemis, wanda ba a san abin da ke ciki ba. Akwai diclofenac na shafawa, wanda a gwiwa yana aiki kuma bai kai na sha cutar da ciki ba. Idan bayan gidanta ya koma baƙi ƙirin, jini ne, a garzaya da ita.

Abin da ya fi kowace allura hujja a ciwon gwiwa shi ne ƙarfafa tsokar cinya da rage ƙiba, kuma shi ne mutane suka fi ƙi saboda ba ya kama da magani. Tashi da zama daga kujera a hankali, ɗaga ƙafa a miƙe tana kwance, 'yar tafiya a tsakar gida kullum ana ƙarawa. An auna cewa kowane kilo ɗaya da mutum ya rage yana sauke wa gwiwa nauyin kusan kilo huɗu a kowane taku. Sanda a riƙe ta a hannun da ke ɗaya gefen, ba gefen ƙafar da ke ciwo ba. A sama mata kujerar masai ta daina tsuguno, a ɗaga mata wurin zama ta daina tashi daga tabarma. Sallah a zaune kuma kada ta sa wa ranta damuwa, addini ya yi mata sauƙi, kuma na ga dattawa da dama da suka koma tsayuwa bayan cinyarsu ta yi ƙarfi.

A cikin wannan tsarin ne nake sa allura, ga wanda yake so. Amfaninta a wajena shi ne ta rage ciwon har mutum ya iya motsa jikin da zai ɗore da shi, ta kuma rage masa ƙwaya. Ga mai gyambon ciki irin Hajiya, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Wasu suna amsawa sosai, wasu ko gezau, kuma ba a gane wane ne wane sai an gwada. Kafin a fara, ki rubuta abubuwa uku a takarda: nisan da take iya takawa ba ta tsaya ba, yawan ƙwayar da take sha a mako, da sau nawa ciwo ke tashinta da dare. A yi zama shida zuwa takwas, sau ɗaya ko biyu a mako, ana biyan kowane zama a ranarsa. Sannan ki ɗauko takardar ki kwatanta. Idan ba abin da ya motsa, a tsaya, ƙarin zama ba zai canza komai ba. A manyan gwaje-gwajen Jamus zama 10 aka yi, aka ƙara biyar ga wanda ya fara samun sauƙi. Inshorar tsofaffi ta gwamnatin Amurka, wadda ta fara biya a kan ciwon baya a 2020, zama 12 take amincewa da su a cikin kwana 90, ba ta ƙara takwas sai ga wanda aka ga yana samun ci gaba. Wato 20 ɗin nan iyaka ce ta shekara guda ga wanda abin ya karɓa. Babu dalilin da zai sa a karɓi kuɗin zama 20 daga wadda ba a san ko za ta amsa ba.

Ki kuma sa wahalar hanya a lissafi. Zaman mota daga Azare zuwa Bauchi da dawowa, gwiwa a lanƙwashe, ƙugu yana shan girgiza, yana iya cinye duk sauƙin da aka samo. Ku tambaya a sashen gashin ƙashi na kusa da ku ko akwai mai yi. Idan babu, ni ban ga abin da Hajiya ta rasa ba wanda ya kai wannan zirga-zirgar, balle a hannun mai cewa yana warkar da suga. Idan kuma hoto ya nuna guringuntsin ya ƙare ƙashi yana gugar ƙashi, ƙafar ta fara lanƙwashewa, to likitan ƙashi ne zai yi muku bayanin allurar cikin gaɓa ko aikin canjin gwiwa, a nan Azare ko a asibitocin koyarwa na Bauchi da Gombe. Ranar da za ku je, ku zuba duk magungunan da take sha a leda ku tafi da su, har na kemis da na gargajiya, likita ya gan su da idonsa.